Filin Tambaya da Amsa: Bayanan da Na Zuba a Rumbun Ƙwaƙwalwa, Ina Suka Shige?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun taru ne a kan batu ɗaya, wato rumbun wucin gadi da ake shimfiɗawa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutoci da yawa a lokaci guda, da yadda ake kwarara bayanai cikinsa, da yadda mutum zai leƙa ya tabbatar da abin da ya shiga. Saboda waɗanda ba su saba da shi ba, a ɗauki babbar ma'ajiyar bayanai da ke kan faifai a matsayin siton da ke bayan kasuwa, shi kuwa rumbun wucin gadi shi ne teburin gaban shago, inda ɗan kasuwa yake jera kayan da aka fi tambaya don kada ya riƙa aiken yaro sito duk sa'ad da mai saye ya tsaya. Ɗauko abu daga ƙwaƙwalwar RAM ya fi ɗauko shi daga faifai sauri nesa ba kusa ba, amma ƙwaƙwalwar na'ura ɗaya tana da iyaka, shi ya sa ake haɗa na'urori da dama su zama gungu, kowace ta riƙe kasonta. Cikin manhajojin da ke yin wannan aiki, Memcached ya fito a 2003, Redis a 2009, shi kuwa Ignite kamfanin GridGain ne ya miƙa shi ga gidauniyar Apache a 2014, ya kuma zama cikakken aikinta a 2015. A kan biyun ƙarshe tambayoyin suka zo, kuma abin da zan faɗa kan Ignite zubinsa na 2 ya shafa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina aikin kammala karatu. Na haɗa na'urori uku da Apache Ignite, na yi amfani da IgniteDataStreamer na tura bayanai 100,000 daga wani fayil. Manhajar ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, amma da na ƙirga abin da ke cikin rumbun sai na tarar ya gaza da dubu ɗaya da 'yan kai. Na maimaita sau uku, kullum sai an samu giɓi. Ina sauran suka shige?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka zargi Ignite da cinye maka kaya, ka tuna yadda motar haya take a tasha. Fasinja ya biya kuɗi, an ɗaure kayansa a but, ya shiga ya zauna, amma direba ba zai tayar da mota ba sai kujeru sun cika. Wanda yake jiran fasinjan nan a Kaduna bai gan shi ba, ba don ya ɓata ba, sai don har yanzu yana zaune a tasha. Haka wannan mai kwarara bayanai, wato IgniteDataStreamer, yake aiki. Idan ka kira addData, bayanin ba ya tafiya nan take. Ana duba mabuɗinsa, wato sunan ko lambar da ake ajiye bayanin a ƙarƙashinta, a gano na'urar da ta mallake shi, sannan a jefa shi cikin mazubin da aka ware wa wannan na'ura. Idan ba ka taɓa saitin ba, girman mazubin bayanai 512 ne, kuma sai ya cika ake aika shi gaba ɗaya. Wannan tarawa ita ce sirrin saurinsa, domin tafiya ɗaya da kaya 512 ta fi tafiya 512 da kaya ɗai-ɗai arha. Illarta ita ce, idan fayil ya ƙare, motocin ƙarshe suna nan rabi-rabi, babu mai tayar da su.

Abin da ke tayar da su shi ne kiran flush, ko kuma rufe mai kwararar da close, wanda shi ma yakan tura ragowar kafin ya rufe. Ina kyautata zaton ka yi ƙirgarka ne kafin ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, wato ka sa layin ƙirga a cikin shingen da mai kwararar yake buɗe. Ka fitar da shi waje, bayan rufewa, ka sake gwadawa. Idan kuwa bayananka ba daga fayil mai ƙarewa suke zuwa ba, a'a suna ɗigowa ne dare da rana, to sai ka saita autoFlushFrequency, wanda a asali a kashe yake. Da shi ne za ka ce mota ta tashi duk bayan daƙiƙa ɗaya, ta cika ko ba ta cika ba.

Idan ka yi haka giɓin bai toshe ba, abu na gaba da zan duba shi ne fayil ɗin kansa. Rumbun nan mabuɗi da abin da ke ƙarƙashinsa yake ajiyewa, kuma mabuɗi ɗaya gurbi ɗaya ne. Layi 100,000 ba ya nufin mabuɗi 100,000. Idan lambar rajistar ɗalibi ta maimaitu a layi biyu, rumbun ɗaya zai ƙirga. Alamar da za ta raba maka waɗannan dalilai biyu mai sauƙi ce: giɓin maimaicin mabuɗi ba ya canzawa komai yawan gwaji, kuma flush ba ya taɓa shi.

Sai kuma ita ƙirgar, wadda mutane suke ɗauka abu ne mai fuska ɗaya alhali ba haka ba ne. Ignite yana raba rumbu kaso 1,024 a saitin asali, ya rarraba kasonnin a tsakanin na'urori, don haka kowace cikin ukunka tana riƙe da wajen 341, ba lallai daidai wa daida ba. Kiran size yana tattaro adadin kwafin asali daga duk gungun. Kiran localSize kuwa abin da ke hannun na'urar da kake tsaye a kanta kaɗai yake faɗa, kuma idan daga na'urar abokin hulɗa, wato client, ka kira shi, wadda ba ta ajiye komai, sifili za ka gani ka ɗauka duniya ta tashi. A ɗaya gefen, wanda ya saita kwafin ko-ta-kwana sannan ya nemi a ƙirga masa komai da komai ta CachePeekMode.ALL, zai ga adadi ya ninka, ya fara murnar ribar da babu ita. Ka kuma sani cewa addData yana mayar maka da alƙawarin sakamako, kuma a cikinsa ake ajiye labarin gazawa idan an samu. Shirun manhajarka ba shaida ba ce idan ba ka taɓa buɗe waɗannan alƙawura ba.

Akwai dalili na ƙarshe da ba na fatan shi ne naka. Adadin kwafin ko-ta-kwana a rumbun da aka rarraba sifili ne a asali. Idan ɗaya cikin na'urorin ta fita daga gungun ko da na ɗan lokaci ne, ta tafi da kasonta. Amma wannan giɓi wajen sulusi yake kaiwa, ba dubu ɗaya ba, saboda haka na bar shi a ƙarshe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kula da wata manhaja ta farashin kaya a Kano. Muna karɓar sabon farashi ta Kafka, manhajar da ke jigilar saƙonni tsakanin manhajoji, muna zuba shi a Ignite da mai kwarara bayanai. Sabbin kaya suna shiga lafiya lau, amma kayan da tuni suke ciki farashinsu ba ya motsi, sai na jiya muke gani. Mun duba Kafka, saƙon ya fita. Mene ne matsalar?

Amsa: Barka kadai, Malam. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Akwai wani saiti mai suna allowOverwrite, kuma a asali a kashe yake. Ma'anarsa ita ce idan mai kwararar ya iso da mabuɗin da ya riga ya samu gurbi, sai ya bar na cikin yadda yake, ya watsar da sabon, ba tare da ya ce uffan ba. An yi haka ne domin aikin da aka fara tanadarsa dominsa shi ne cika rumbun da babu komai a cikinsa, inda ba a buƙatar tsayawa tantance wane ne ya riga wane, kuma tsallake wannan tantancewa na ƙara sauri sosai. Ka kunna saitin, sabon farashi zai hau kan tsoho. Za ka ga gudun ya ɗan ragu, kuma wannan kuɗin da dole ka biya ne. Wani abin da ya kamata ka sani tun yanzu: muddin saitin a kashe yake, abin da aka kwarara ba ya wucewa zuwa ma'ajiyar da ka jona a bayan rumbun, ko da ka tsara cewa duk rubutu ya riƙa sauka can.

Sai dai ina jiye maka wata matsalar da za ta biyo bayan wannan gyara, wadda ta fi ta farko wuyar ganewa. Mai kwarara bayanai ba ya ɗaukar alkawarin cewa kaya za su isa a jeren da ka tura su. Yana aika mazubai da yawa a lokaci guda, don haka idan farashin buhun shinkafa ya canza sau biyu cikin daƙiƙa ɗaya, babu abin da ya hana na farko ya iso daga baya ya danne na biyu. Kafka tana kiyaye jeri a cikin kaso ɗaya na maudu'i, wato layin da take jera saƙonni a kai, amma wannan kiyayewa ta ƙare ne a bakin ƙofarta. Maganin da na fi yarda da shi shi ne kowane farashi ya taho da lambar zubi ko lokacin da aka yanke shi, sannan ka rubuta ɗan mai karɓa, wato StreamReceiver, wanda zai zauna a na'urar da mabuɗin yake, ya kwatanta na hannu da na ciki, ya karɓi sabon kawai idan lambarsa ta fi girma.

Wannan dabara tana rufe wata ƙofar kuma. A yadda aka fi amfani da Kafka, idan mai karanta saƙo ya faɗi kafin ya rubuta inda ya tsaya, to da ya tashi zai sake karanta wasu saƙonnin. Saƙon da ke cewa farashi ya zama kaza, ko sau goma aka maimaita shi, sakamakon ɗaya ne. Amma saƙon da ke cewa a ƙara kaza a kan abin da ke nan, maimaita shi ɓarna ce tsantsa. Idan kana da iko a kan yadda ake tsara saƙonnin, ka zaɓi irin na farko.

Tambaya: Malam, ni malamar kwamfuta ce a wata makaranta a Maraɗi. Na zuba bayanai a Ignite, size yana nuna suna nan, amma da na shiga ta sqlline, manhajar buga umarnin SQL, na nemi jerin tebura ban ga komai ba. Ta yaya zan ga ainihin abin da ke ciki da idona?

Amsa: Malama, bayananki suna nan, SQL, yaren da ake tambayar tebura da shi, shi ne bai san da zamansu ba. Rumbun da aka ƙirƙira ta hanyar manhaja tarin mabuɗai ne da dunƙulallun abubuwa a ƙarƙashinsu, kuma injin SQL ba ya kwance ƙunshin da ba a gabatar masa da shi ba. Dole ki sanar da shi sunayen filaye da irin abin da kowane ya ƙunsa, ko dai ta QueryEntity a cikin saitin rumbun, ko ta sa alamar QuerySqlField a kan filayen ajinki, wato class ɗin da kika rubuta a manhajar, tare da setIndexedTypes. Ya fi sauƙi a yi wannan tun lokacin ƙirƙirar rumbun. Bayan haka akwai wani ɗan tarko na suna: teburin sunan ajin yake ɗauka, shi kuwa sunan rumbun shi ne sunan sashen da teburin yake ciki, kuma sai kin sa shi tsakanin alamun zance da manya da ƙananan baƙaƙensa yadda suke. Idan kuwa ta CREATE TABLE kika fara, abin juyawa yake yi, domin Ignite da kansa zai raɗa wa rumbun suna mai farawa da SQL_PUBLIC_ sannan sunan teburin da manyan baƙaƙe, kuma da yawa sukan ƙirƙiri tebur ta nan, su zuba bayanai a wani rumbun daban mai kama da sunan, su zauna suna mamakin tebur fayau. Umarnin control.sh tare da --cache list da ɗigo (.) a ƙarshensa zai jero miki sunayen duk rumbunan da ke gungun, kuma da shi nake fara kowane bincike.

Idan leƙawa kawai kike so ba tare da SQL ba, ScanQuery ya ishe ki. Yana bin kasonni yana miƙo bayanai shafi-shafi. Shawarata ita ce ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tsaya bayan ashirin ko hamsin, ki rufe. Kada ki kira getAll a kan rumbu mai girma, domin hakan na nufin kwaso kayan duk na'urorin gungun a cusa su a ƙwaƙwalwar kwamfutarki ɗaya. Ki haɗa da withKeepBinary, wanda zai ba ki damar karanta filaye da sunayensu ba tare da na'urorin gungun sun mallaki ajin da kika rubuta ba. Ga mai son tabbatar da cewa kwafin asali da na ko-ta-kwana sun yi daidai, akwai idle_verify a ƙarƙashin control.sh, amma kamar yadda sunan ya nuna, sai an dakatar da rubutu sannan sakamakonsa yake da ma'ana.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu Redis muke amfani da shi. Wani abokin aikina ya buga KEYS da tauraro don ya ga abin da ke ciki, sai shafinmu ya tsaya cik na ɗan lokaci. Daga baya na gwada SCAN a gungunmu mai na'urori uku, amma mabuɗan da na samu ba su kai rabin abin da muka zuba ba, wasu kuma sun fito sau biyu. Wanne zan yarda da shi?

Amsa: Tare da naka, Malam. Kada ka tsananta wa abokin aikin naka, domin ni ma na taɓa yin wannan ɗanyen aiki a wani wuri da na yi aiki, da rana tsaka, ina ganin ai tambaya ce kawai ba rubutu ba. Ban gama ɗaga yatsa daga madanni ba wayar ofis ta fara ruri. Redis yana aiwatar da umarni ne ɗaya bayan ɗaya a layi guda, kamar banki mai taga ɗaya. KEYS kuwa sai ya bi kowane mabuɗi kafin ya saki tagar, don haka idan mabuɗan miliyoyi ne, duk wanda ke bayansa a layi sai ya jira. A kan kwamfutar gwaji mai mabuɗi ɗari biyu ba za ka taɓa jin nauyinsa ba, kuma a nan ne mutane suke koyon mugun sabo.

SCAN, wanda ya zo da Redis 2.8, an yi shi ne don ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana sakin tagar. Kana farawa da sifili, ya ba ka 'yan mabuɗai da wata lamba, ka mayar masa da lambar ya ci gaba, har ranar da ya dawo maka da sifili, wanda shi kaɗai ne alamar an gama. Amsar da ta zo babu mabuɗi ko ɗaya ba ta nufin ƙarshe, kuma COUNT, wanda a asali 10 ne, shawara ce kake ba shi ba umarni ba. Alkawarin da ya ɗauka shi ne duk mabuɗin da yake nan tun daga farkon zagayen har ƙarshensa zai fito. Bai yi alkawarin sau ɗaya zai fito ba, don haka maimaicin da ka gani halinsa ne, kai za ka tace. Wanda aka ƙara ko aka goge ana tsakiyar zagaye kuwa, yana iya fitowa yana iya ƙin fitowa.

Batun rashin kaiwa rabi kuma daga tsarin gungun yake. Redis yana raba mabuɗai a gurabe 16,384, yana lissafa gurbin kowane mabuɗi da CRC16, kuma a gungu mai shugabanni uku, wato na'urorin da ke riƙe kwafin asali, rabon da aka saba shi ne na farko ya riƙe 0 zuwa 5460, na biyu 5461 zuwa 10922, na uku 10923 zuwa 16383. SCAN da DBSIZE duk na'urar da ka jona kaɗai suke gani. Sulusi ka ƙirga. Sai ka zagaya shugabannin uku ɗaya-ɗaya ka haɗa jimla, kana kiyaye kada ka haɗa da mataimakansu masu riƙe kwafin ko-ta-kwana ka ninka lissafi. Idan mabuɗi ɗaya kake nema, CLUSTER KEYSLOT zai gaya maka gurbinsa, TYPE ya gaya maka irinsa, TTL kuma ya gaya maka sauran daƙiƙun rayuwarsa, inda -1 ke nufin ba shi da wa'adi, -2 kuma ke nufin babu shi. Idan bayan duk wannan jimlar ta gaza, ka buɗe INFO ka duba expired_keys da evicted_keys: na farko waɗanda wa'adinsu ya cika ne, na biyu waɗanda aka kora don ƙwaƙwalwa ta cika. MONITOR yana nuna duk umarnin da ke wucewa kai tsaye, yana da daɗin kallo, amma yana cin ƙarfin na'urar, don haka ka buɗe shi na 'yan daƙiƙu ka rufe.

Tambaya: Malam, na'urorinmu uku duk a ɗaki ɗaya suke a ofishinmu. Na saita kwafin ko-ta-kwana ɗaya. Idan aka ɗauke wuta kuma janareta bai tashi da wuri ba, bayanan za su tsira?

Amsa: Ba za su tsira ba, Hajiya. Kwafin ko-ta-kwana yana kare ki ne daga mutuwar na'ura ɗaya, domin kasonta yana da kwafi a ƙwaƙwalwar wata. Idan duka ukun a kan layin wuta ɗaya suke, to tare za su mutu, kuma ƙwaƙwalwar RAM ba ta riƙe komai bayan wuta ta yanke. A wasu wurare ana ɗaukar ɗaukewar wutar ɗaki gaba ɗaya a matsayin abin da ba kasafai yake faruwa ba. Mu a nan da shi za mu fara lissafi.

Ignite yana da ajiyar faifai tasa tun fitowa ta 2.1 a 2017, inda yake rubuta kowane canji a kundin da ke kan faifai. Idan kin kunna ta, ki sani cewa sabon gungu a kwance yake farawa, sai kin kunna shi da hannu kafin ya karɓi bayanai. Redis kuma yana da hoton lokaci-lokaci na RDB da kundin AOF, wanda a saitin kowace daƙiƙa abin da za ki rasa bai wuce na wajen daƙiƙa ɗaya ba. Idan kuwa asalin bayanan yana nan a wata ma'ajiya ko a Kafka, kina iya barin rumbun ya mutu ki sake cika shi, muddin kin san tsawon lokacin da cikawar take ɗauka kuma batirin UPS ɗinki da haƙurin masu hulɗa da ku za su kai. Ki gwada a gungun gwaji: ki zare wayar wutar na'ura ɗaya ki ƙirga abin da ya rage, sannan ki zare duka ukun, ki mayar, ki sa agogo a gabanki ki ga minti nawa za a yi kafin size ya dawo adadin da ya bari.